Zubin Lambu: Biyan Kuɗin Kayan Miya Tun Kafin A Shuka

Duk mai yin cefane a Gusau, Tsafe ko Bungudu ya san yadda abin yake. A watan Fabrairu da Maris tumatir yakan cika kasuwa har ya rasa mai taya shi. Kwanduna su yi ta tsiyaya a rana, manomi ya sallama a kan duk abin da dillali ya faɗa don kada ya koma gida da ruɓaɓɓen kaya. Kafin watan Yuni kuwa, uwargida za ta miƙa kuɗi mai kauri a ƙirga mata ƙwaya huɗu ko biyar, ta koma gida ta cika da kauɗa. Manomi bai ci riba ba lokacin araha, mai saye kuma bai huta ba lokacin tsada.

Akwai wani abu kuma da masu saye ba su cika gani ba. Lokacin da mai lambu ya fi bukatar kuɗi shi ne watan Oktoba da Nuwamba, sa'ad da ake yafa iri, ana gyara fangali, ana neman taki da man injin ban ruwa. A daidai wannan lokaci hatsi ya shigo kasuwa, farashinsa ya faɗi. Manomin Kucheri da ke son ya shiga fadama sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ya sayar da dawarsa ko waken suyarsa da arha, ko ya ci bashi a hannun wanda zai zo ya kwashe amfanin daga baya a farashin da ya ga dama.

Wannan ya sa muka ga ya kamata mu yi wa jama'a bayani a kan wani tsari da mutane ke bi a ƙasashe da dama, wanda muke ganin zai iya yi mana amfani idan muka gyara shi ya dace da mu. A nan za mu kira shi zubin lambu, domin ya yi kama da zubin adashi.

Yadda yake

Gidaje kaɗan, a ce 15 ko 20, sukan haɗu su yi magana da manomi ɗaya ko biyu. Su zauna tare su lissafa abin da noman zai ci daga yafa iri har zuwa tsinkar ƙarshe: iri, taki, mai, magani, ladan 'yan ƙwadago, kuɗin mota, da ladan shi manomin kansa. Sai a raba jimlar a kan gidajen. Kowane gida ya biya rabonsa tun kafin a fara, ko dai gaba ɗaya ko kashi biyu ko uku. Idan lambu ya fara bayarwa, kowane mako a rana ɗaya da aka tsayar, kowane gida ya karɓi kwandonsa na abin da aka tsinka.

Ga inda ya bambanta da cefanen kasuwa. Ba tumatir kwano kaza kika saya ba, rabo kika saya a cikin lambun. Idan shekara ta yi kyau, kwandonki ya cika har ki ba maƙwabta. Idan tsutsa ta shiga tumatir, kwandon ya zo da alayyafo da albasa da latas, tumatir ɗin kuwa ƙwaya biyu. Riba ta kowa ce, asara ma ta kowa ce. Wanda bai yarda da wannan ba tun farko, gara kada ya shiga, domin a nan ne rigima takan tashi.

Bari mu yi lissafin misali, don a gane kawai, ba don farashin ke nan ba. Gida 20, kowanne ya zuba naira 30,000, an samu naira 600,000. Idan lambu ya bayar na mako 20, daga Disamba zuwa Afrilu, kwandon kowane mako ya tashi wa gida a kan naira 1,500. Kowace ƙungiya sai ta yi nata lissafi da farashin ranar da ta zauna.

Daga ina tsarin ya fito

A ƙasar Japan, bayan cututtukan da gurɓataccen ruwa da guba suka jawo, irin wadda ta faru a garin Minamata, matan gida da yawa suka fara jin tsoron abin da suke saya a kasuwa. Suka shiga neman manoman da za su noma musu abinci kai tsaye, su kuma su yi alkawarin karɓar duk abin da gonar ta bayar. Suna kiran wannan teikei, wato haɗin gwiwa. Ƙungiyar noma ba da taki da maganin zamani ba ta Japan, wadda aka kafa a 1971, ita ce ta yaɗa shi, ta kuma rubuta masa ƙa'idodi goma a 1978. A shekarar 1978 ɗin nan kuma aka kafa wani lambu irin wannan kusa da birnin Janeba a ƙasar Suwizalan.

A Amurka an fara a 1986 a gonaki biyu, Indian Line a jihar Massachusetts da Temple-Wilton a jihar New Hampshire, kuma can ne aka ba shi sunan da ake taƙaitawa da haruffan CSA. Tun kafin su ma, wani farfesan aikin gona baƙar fata a jami'ar Tuskegee, Booker T. Whatley, ya daɗe yana ba ƙananan manoma baƙaƙe shawarar su tara mutanen birni waɗanda za su biya kuɗin shiga a farkon shekara, domin banki ba ya ba su rance. A Faransa an fara a 2001 da sunan AMAP, lokacin da mazauna garin Aubagne suka ƙulla da wani manomi da matarsa. Daga can ya shigo Afirka ta Yamma, akwai irinsa a Kwatano ta Jamhuriyar Benin.

Abu ɗaya ya burge ni a tsarin Temple-Wilton. Ba a yanke wa kowa kuɗi iri ɗaya. Manoman sukan karanta kasafin shekara a gaban taro, kowane gida ya faɗi abin da zai iya bayarwa, idan bai kai ba a sake zagayawa har ya cika. Mai albashi ya ɗauki nauyi, gwauruwa ta ba da abin da take da shi, kowa ya ci. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu da muka san gayya da adashi da gudummawar biki ba ma bukatar Bature ya koya mana haɗa hannu. Abin da za mu aro shi ne lissafi a fili da rubuta yarjejeniya.

Ba ba-da-kaka ba ne

Dole mu tsaya a nan, domin da zarar ka ce wa manomi "karɓi kuɗi yanzu, ka biya da amfanin gona," abin da zai faɗo masa a rai shi ne ba-da-kaka. Iyayenmu sun sha wuyarsa. Mutum ya karɓi kuɗi cikin damina lokacin yunwa, da kaka ya biya da buhun da ya ninka abin da ya karɓa, idan gona ta ƙi kuma bashi na nan a wuyansa har ya kai ga jinginar da gonar.

Bambancin yana wuri uku. A ba-da-kaka mai kuɗi ne ke yanke farashi shi kaɗai, a zubin lambu kuwa tare ake lissafi, ladan manomi yana ciki. A ba-da-kaka asara ta manomi ce shi kaɗai, a nan kuwa idan bala'in da ba laifinsa ba ya faɗa wa lambu, babu wanda zai bi shi bashi. Na uku, mai ba-da-kaka sayarwa zai yi ya ci riba, mai zubi kuwa miyar gidansa yake nema. Duk ƙungiyar da ta cire ɗaya daga cikin waɗannan ta koma ba-da-kaka, suna kawai aka sake.

Tun da yake maƙwabtanmu da manomanmu da yawa Musulmi ne, kuma muna so kowa ya shiga da zuciya ɗaya, akwai abin lura. A fiƙihu akwai cinikin da ake kira salam, inda ake biyan kuɗi gaba a karɓi kaya daga baya, amma sharaɗinsa a ambaci irin kayan, da awonsa, da lokacin bayarwa. Zubin lambu irin na Turai ba ya ambaton awo. Saboda haka wanda ya nemi ya fara tambayar malaminsa, a ba shi lokaci. Ƙungiya tana iya tsara abin a matsayin tarayya a cikin noman, ko kuma ta rubuta awo tsayayye na kowane mako. Amma a sani, idan an tsayar da awo, nauyin asara ya koma kan manomi, don haka sai a ƙara masa a farashi.

Abin da zai shigo kwandon

Lambu ba shago ba ne, lokaci yake bi. Alayyafo shi ne mai sauri, mako uku zuwa huɗu bayan shuka an fara yanka, shi zai buɗe kwando a Disamba tare da latas da lawashi. Tumatir yakan yi kamar wata ɗaya a wurin reno, sa'an nan wata biyu ko fiye bayan dashe kafin a fara tsinka, saboda haka wanda aka dasa a Nuwamba sai ƙarshen Janairu ko Fabrairu. Kabeji da karas suna son sanyin hunturu, suna cin kusan wata uku. Tattasai da attarugu sun fi tumatir jinkiri amma sun fi shi daɗewa suna bayarwa. Albasa sai wajen Fabrairu zuwa Maris. Da zafin bazara ya kama, furen tumatir yakan zube bai ƙulla ba, ruwan rijiyoyi ya ja baya, sai kuɓewa da yalo su karɓi fage. Da damina kuma ga yakuwa, rama, lalo, kuɓewa, kabewa da zogale.

Wannan yana nufin manomin da ya saba dasa tumatir fili guda a rana ɗaya, ya kwashe cikin mako uku ya loda a mota, dole ya sake salo. Gida 20 ba za su iya cinye kwando 50 a mako ɗaya ba. Sai ya riƙa shuka kaɗan-kaɗan, fangali kaza wannan mako, fangali kaza bayan mako biyu, kuma iri-iri. Aiki ne mai cin rai fiye da noman abu ɗaya, kuma ba kowane manomi ne zai iya ba. A ganina wannan ce tambaya ta farko da za a yi wa duk wanda ake so a ƙulla da shi: kayan lambu kala nawa ka taɓa nomawa a rani guda? Amma shuka iri-iri tana da nata amfani. A 2016 tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta, wadda jaridu suka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir, ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na shekarar. Wanda ya dogara ga tumatir kaɗai ya tashi hannu biyu. Mai albasa da kabeji a gefe ya samu abin kamawa.

Ko da an yi shuka a jere, za a samu makon da tumatir zai yi yawa. Kada a bari ya lalace. A yanka, a shanya a kan tabarma ko buhu mai tsabta a bisa rumfa, ba a bakin kwalta inda ƙura da awaki ke bi ba. Kauɗar da kika yi da hannunki a Maris ita ce za ta cece ki a Yuni. Haka kuɓewa, haka tattasai, lawashi kuma a daka shi a yi gabu. Zumuntar mata ko ƙungiyar matan unguwa tana iya tsayar da rana ɗaya a yi wannan aiki tare.

Inda igiya takan tsinke

Jarraba biyu ce ke kashe irin wannan ƙungiya, kuma kowane ɓangare yana da tasa.

Ta mai saye tana zuwa a Fabrairu. Za ki je kasuwa ki ga 'yan gwari suna sayar da tumatir a rabin abin da kwandonki ya tashi miki. Maigida zai ce an cuce mu, kashi na ƙarshe na zubin kuma sai a fara jan ƙafa. Gaskiya ce, a wannan wata kasuwa ta fi arha, kuma duk wanda ya gaya muku zubin lambu kullum ya fi kasuwa sauƙi bai faɗa muku daidai ba. Sai an haɗa mako 20 ɗin gaba ɗaya, da na Disamba da na Afrilu lokacin da kaya ke tsada, da kauɗar da aka ajiye, sa'an nan a san inda aka tsaya.

Ta manomi tana zuwa lokacin da farashi ya tashi. Dillali ya biyo shi har lambu da kuɗi a hannu, yana taya kwando ninki uku. Sai a ga kwandon 'yan ƙungiya ya rame, ana cewa zafi ne ya kashe furen, alhali mota ta yi lodi da asuba. Maganin wannan shi ne a ware fili tun farko. A auna fangalin ƙungiya a kafa masa alama, sauran lambun na manomi ne, ya sayar wa wanda ya so. Kada a nemi a mallake lambunsa duka. Mutum biyu daga ƙungiya kuma su riƙa leƙawa aƙalla sau ɗaya a wata. Zuwa da kai ya fi aike, kuma wanda ya ga tsutsa da idonsa ba zai zargi manomi da ƙarya ba.

Zuwan nan yana da wani amfani. Za ku ga irin ruwan da ake ba lambun, ko na kogi ne ko na rijiya ko na lambatun gari, abin da ke da muhimmanci ga latas da kabeji da ake ci ɗanye. Za ku kuma iya tambayar maganin da aka fesa da ranar da aka fesa. Kowane maganin ƙwari yana da kwanakin da ake jira kafin a tsinka, a rubuce suke a jikin kwalbar. Mai kai kaya kasuwa bai san wanda zai ci ba. Wanda ya san yaran gidanku da sunansu zai fi kiyayewa.

Mai da hanya

A jiharmu ba a rasa wurin noman rani. Kogin Sakkwato ya taso daga wajen Funtua ya ratsa Gusau da Bungudu kafin ya isa madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 kusa da Talatar Mafara. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan rijiyoyi da injinan ban ruwa, har jigo ya kusa ɓacewa. Amma inji da mai yake aiki. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500. Darasin da ke ciki ga ƙungiya shi ne lissafin Oktoba ba lalle ya kai Maris ba. A ware kashi ɗaya cikin goma na zubin a ajiye a hannun ma'aji don irin wannan rana, idan ba a taɓa shi ba ya shiga na baɗi.

Maganar tsaro kuma ba za mu rufe ta ba. Kucheri tana bakin hanyar Funtua zuwa Gusau, kuma kowa ya san halin da wannan hanya da ƙauyukan Tsafe suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, an dakatar da kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka. Ku duba yadda waɗannan uku suka taɓa mai lambu: ba kasuwa, ba man inji, ba hanyar kiran mai saye. Manomin da ke da gidaje 20 a kusa da shi masu jiran kwando ya fi wanda ke jiran motar kudu samun mafita. Don haka shawarata ita ce a fara da kusa. Gidajen cikin Kucheri ko Tsafe su ƙulla da lambun da ke gefen gari, mutanen Gusau, ma'aikata da malaman makaranta na Tudun Wada ko Samaru ko Sabon Gari, su nemi na bakin kogi kusa da su ko na Bungudu. Kada a ɗora wa kowa tafiyar da za ta sa ransa cikin haɗari saboda alayyafo. A rubuta a fili cewa makon da hanya ba ta da lafiya ba a kawo kaya, kuma idan manomi ya rasa damar zuwa lambunsa gaba ɗaya, wannan asara ce ta kowa, sai dai a mayar da kuɗin da ba a riga an kashe ba.

Wa ya kamata ya shiga

Tsarin ya fi sauƙi ga mai albashi ko mai sana'ar da ke iya fitar da kuɗi a dunƙule. Gidan da sai an fita an samo kafin a ɗora tukunya zai sha wuya, kuma bai kamata a matsa masa ya ci bashi don ya shiga ba. Akwai hanyoyi. Gida biyu su haɗa rabo ɗaya. Mace ta ɗauki kwasar adashinta a Oktoba ta biya da ita. Wani ya biya da aiki, ya yi cirar ciyawa ko ban ruwa kwana kaza a wata, ko ya ɗauki nauyin rabon kwanduna. Mai tumaki ko kaji ya biya wani sashi da takin gida, wanda manomi ke nema ruwa a jallo.

Ga wanda ya yi niyya, lokacin magana shi ne Agusta da Satumba, ba Nuwamba ba. A fara da rani ɗaya kawai. A zaɓi manomin da aka san lambunsa da halinsa, in da hali biyu, don idan ɗaya ya yi rashin lafiya ɗayan ya riƙe. A zaɓi ma'aji da magatakarda, kuma kada su fito gida ɗaya. Takardar yarjejeniya ba sai ta wuce shafi guda ba, da Hausa, a karanta ta da ƙarfi a gaban kowa saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Ta faɗi sunayen kayan da za a shuka, girman filin ƙungiya, kuɗin kowane gida da ranakun biya, ranar rabo da wurin rabo, abin da za a yi da kwandon wanda bai zo ya ɗauka ba, da wanda za a kai wa ƙara idan an samu saɓani. Mai unguwa da wani dattijo da ɓangarorin biyu suka yarda da shi su sa hannu a matsayin shaidu, a yi kwafi uku, ɗaya wurin manomi, ɗaya wurin magatakarda, ɗaya wurin mai unguwa.